Akwatin Baba Mawaƙi

"Inna, wannan ai gilashin ne kawai! Ina akwatin?"

Maijego tana cikin shafa wa jaririyarta mai ta jiyo ihun ta katanga. Injiniya ne, ɗan maƙwabcinsu Baba Mawaƙi, wanda ya rasu satin da ya wuce, Allah ya jiƙansa.

Shi Baba da wata tsohuwar kwamfutar tebur yake ɗaukar waƙoƙinsa, in ta tashi sai ka rantse injin niƙa ne. Da ciwo ya fara cin ƙarfinsa, Injiniya ya kawo sabuwa fil, wai ta fi sauri, ba ta ƙara. Baba ya gwada, ya taɓe baki.

"Wannan 'yar gulma ce, har hakina take ɗauka. Maido min da tsohuwata, ita ta iya rufa asiri."

A tsohuwar ya yi waƙarsa ta ƙarshe, yana yi yana hutawa. Ya ce ta matarsa Inna ce, kada a kunna sai bayansa.

Maijego ta saɓa 'yarta ta shiga gidan. Ga Inna a tsaye da gilashin kwamfutar a nannaɗe cikin zanenta mafi kyau, ga Injiniya ya ɗora hannu a ka.

"To ba a nan nake ganin waƙoƙin suna wutsil-wutsil ba?" in ji Inna. "Wancan ƙarfen ban da ƙura me yake tarawa? Na bayar."

"Kin bayar! Wa kika ba? Inna, muryar Baba tana cikinsa!"

Inna ta zauna daɓas. Mutanen da suka yi ta shige da fice wajen gaisuwa, ina za ta tuna?

Sai dariya ta ƙwace wa Maijego.

"Yaya, wani fari-fari, mai 'yan ramuka a baya? Wayyo ni! Ai ni Inna ta ba! A kansa nake jera kayan wankan 'yar nan!"

"Ruwa ya taɓa shi?"

"Hoda dai ta taɓa shi. Hoda kam ya sha!"

Da gudu Injiniya ya je ya rungumo shi, sai ƙamshin jarirai yake. Ya jona wayoyi, ya danna. Shiru. Can sai ƙugin nan ya tashi. Ya kunna waƙar, sai ga gyaran muryar Baba, kamar yana zaune a kujerarsa.

"Alhamdu lillahi," in ji Injiniya, ya sulale ƙasa ya jingina da bango.

Baba ya fara waƙa a hankali, ya kira Inna da wani suna da babu wanda ya taɓa ji a gidan. Inna ta sunkuyar da kai kamar amarya, ta jawo bakin mayafinta tana share hodar da ke kan akwatin.