Ƙara a Bayan Kyamara

Shekara tara ina aikin tantancewa a wani kamfani da ke juya tsofaffin kaset na bidiyo zuwa kwamfuta. Aikina neman aibi ne kawai. Injiniya ya juya kaset ya turo mini, ni kuma in toshe kunne da abin sauraro, in ɗauki takarda mai layi goma sha biyu: launi ya koɗe? Hoto na rawa? Akwai ƙara? Abin da na rubuta shi zai gyara, in sake kallo, in sa hannu. Da na sa hannu sai a goge kwafin farko, don ma'ajiyarmu ba ta da fili. Abokan aiki suna ce mini Kunnen Zomo, kuma ba zan ɓoye ba, sunan yana fasa mini kai.

Wata Litinin wani tsohon tela ya kawo kaset ɗaya naɗe cikin ƙyalle. Duk ya yi fumfuna. Injiniya ya juya shi gaba da baya ya ce, "Baba, wannan sau ɗaya zai iya zagayawa a inji, daga nan sai haƙuri."

"Sau ɗayan ma ya ishe ni," in ji tsohon.

Haka kuwa aka yi. Yana kaiwa ƙarshe zaren ya marmashe, baƙin garinsa ya manne a cikin inji.

Minti arba'in ne a tsakar wani gida. Yara uku suna wasa da ruwa a baho, telan da ƙuruciyarsa yana kan keken ɗinki yana ta kare fuska da hannu. Hoton ba laifi. Sautin ne ya ɓata mini rai. Numfashin mai riƙe da kyamarar kawai ake ji a bakin makirfo, ga wata 'yar waƙa a hanci da ke danne maganar yaran. Sau uku na saurara don in kama iyakarta. Na rubuta: minti na sha huɗu zuwa na talatin da ɗaya, ƙara a bayan kyamara, a cire. Injiniya gwani ne, ya share ta tas. Ranar Laraba na sa hannu.

Bayan mako biyu tsohon ya dawo, na kunna masa a ɗakin baƙi. Bai kalli allon ba. Ya lumshe ido, ya karkata kai.

"Ƙara sautin, 'yata."

Na ƙara. Dariyar yaran ta fito rangaɗaɗau, har da fantsamar ruwa. Na tsaya ina jiran yabo.

"Ina uwar yaran?"

"Baba, ai babu mace a hoton."

"Ba ta cikin hoton. Ita ke riƙe da abin. Ba ta son hoto, ko ɗaya ba ta bari an ɗauke ta ba. Amma in hannunta na aiki takan yi wata 'yar waƙa a hanci, ita ta ƙirƙiri abarta. Shekara goma sha ɗaya da rasuwarta, waƙar ta soma ɓace mini. Yaran ma na tambaye su, ba mai tunawa."

Na ruga wurin Injiniya. Ya bincika ma'ajiya, ya sake bincikawa, ya girgiza kai: wurin da kwafin farko yake tuni an zuba wasu ayyuka a kansa. Na je wurin manaja. Ya jawo takardata ya bi layi-layi da yatsa, ya ce bai ga kuskure ba, an bi ƙa'ida, kuma bakin alƙalami ya bushe. Abin haushin, gaskiya ya faɗa.

Na dawo na faɗa wa tsohon komai, ban rage ba. Na so ya zage ni, da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana ninke ƙyallen da ya naɗo kaset ɗin, sannan ya ɗago.

"Amma ke kin ji ta."

"Na ji, Baba."

"To ke ce ta ƙarshe da ta ji ta. Yi mini, ko kaɗan ne. Ba sai da murya mai daɗi ba, in kin fara zan kama."

Ya sake lumshe ido, ya karkato da kunnensa wajena.

Na buɗe baki. Na laluba ko'ina a kaina, ni Kunnen Zomo da na saurare ta har sau uku. Ban sami komai ba sai minti na sha huɗu zuwa na talatin da ɗaya.

Shi kuwa yana nan yana jira.