Jikan Saje Manjo

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakinmu na unguwar Mu'aither a Doha ya haddace tarihin kakan Sabo, ko yana so ko ba ya so. Ni Mas'udu na fi kowa shan wahala, don gadona yana ƙarƙashin nasa, kuma kafil ɗinmu, wato ubangidan da ya ɗauko mu aiki, ɗaya ne: ni nake tuƙa shi, Sabo yana gadin ƙofar gidajensa.

Da an ajiye farantin shinkafa zai fara. Saje Manjo Garzali, wanda ya shiga sojan Turawa ba ko takalmi, ya yi yaƙin Habasha, ya je Boma, ya dawo da lambobi har ƙirji na rinjayarsa. Amma inda Sabo ya fi jin daɗi shi ne mafarin labarin. Wai kakan yana ƙaramin soja a Kaduna, aka sa shi gadi aka ce kada kowa ya wuce sai da takarda. Sai ga Kanar da kansa a kan doki, hannu rabbana. Kaka ya gitta bindiga ya ce babu hanya.

"Daga ranar tauraronsa ya fara haske," in ji Sabo. "Manya suna son mai tsare doka."

Ban san abin ya shige shi haka ba sai ranar da kafil ya sayi sabuwar mota. Dokar gidan ita ce motar da ba ta da sitika ba ta shiga, mu kuwa ba a manna mana ba tukuna. Muka iso da azahar, rana kamar ta gasa mutum, kafil na ciki, yaransa a baya riƙe da askirim. Sabo ya fito daga ɗakin gadi, ya buga ƙafa a ƙasa, ya sara, ya tsaya ƙyam. Ƙarfen ƙofa bai motsa ba.

Na leƙo na ce, "Kai Sabo, buɗe mana."

"Babu sitika, babu shiga."

"Ka haukace ne? Mai gidan ne fa!"

"Na gan shi sarai," ya ce ƙasa-ƙasa, har yana kashe mini ido.

Kafil ya ce yalla, wato a yi sauri, ya sake cewa yalla. Askirim ya narke a kan sabuwar kujera. Da ya ce khalas, wato shi ke nan, na san ta ɓaci, don a Doha wannan kalmar tana iya nufin jirgin Kano. Ni na sauka na ɗaga ƙarfen da hannuna.

Kwanakin da suka biyo baya Sabo ko abinci ba ya iya ci. Ya riga ya gaya wa matarsa Haulat cewa ƙarin girma na nan tafe, ita kuma ta gaya wa unguwa. Na ji haushinsa, amma wallahi na tausaya masa. Na yi ta ba kafil haƙuri har ya sauko. Ba za a kore shi ba, amma ya bar ƙofa: an mayar da shi gadin raƙuman kafil, can cikin rairayi.

Ranar Juma'a kafin ya tafi, ya sayi katin waya ya kira Goggo Ajaratu, autar Saje Manjo, ya zayyana mata komai. Ina gefensa, ina jin dariyarta har da tari.

"Ɗan nan, wa ya ce maka ƙarin girma aka yi wa Baba? Gadurum aka jefa shi. Da ya fito aka tura shi kwasar kashin dawakin hafsoshi, ya shekara yana yi. Ku jikoki rabin labarin yake ba ku."

Kati ya ƙare, Sabo ya ajiye wayar. Na ɗauka kuka zai yi. Sai na ga ya gyara hula, ya ɗauki jakarsa, fuska ta washe.

"Mas'udu, ka ji ko? Shi dawaki, ni raƙuma. Ashe har na ɗara Kaka."