Jatan Landen Roba

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, a gyara zama.

Inna Jannat tana cikin taɓo har gwiwa sa'ad da ƙafarta ta dama ta ƙi fitowa. Gari ya waye ke nan, teku ya janye ya bar laka shimfiɗe tana sheƙi har gindin itatuwan timar, masu tsirowa cikin ruwan gishiri. Ta ja, ta sake ja, gwiwar ta yi ƙara kamar an karya ƙirare. Ta dafa bokitinta ta jira zafin ya sauka.

Ɗanta Juman ya ƙwala mata kira daga bakin jirginsu na su: "Inna, tsaya nan, ina zuwa!"

"In ka shigo da ƙafafun nan naka irin na raƙumi ka kore mini jatan lande, za mu ɓata."

Da kanta ta zaro ƙafar. Ta fito tana ɗingishi, bokitin cike da jatan lande masu rai suna tsalle.

Mu matan ƙauyen nan na bayan garin Keti Bandar duk mun shiga taɓo, amma babu wadda ta kai Jannat sanin abincin ƙugiya. Ita ce za ta tsoma yatsa a ruwa ta lasa, ta ce yau gishiri ya yi ƙarfi, a tafi da jatan lande. Gobe ta ce ruwan kogi ya sauko, a haƙo tsutsar laka. Shekara arba'in tana wannan. Marigayi mijinta bai taɓa fita su ba sai da bokitinta. Haka ma Juman, da ya dawo daga birnin Karachi inda ya shekara goma yana suya a wani gidan abinci, ya karɓi jirgin ubansa.

Sai gwiwa ta lalace. Likita ya ce aiki za a yi, kuma bayan aikin wata uku babu taɓo. 'Yarta Zulekan, da ke aure a Karachi, har ta share mata ɗaki. Jannat ta ce ba inda za ta. In an tambaye ta dalili sai ta ce, in ta tafi wa zai ciyar da ƙugiya? Gaskiya ne, amma ba ita ke nan ba. Ta ga tsofaffi da yawa da aka kai birni neman magani. Suna warkewa, sai a ga gida ya iya tafiya ba su, sai 'ya'ya su ce, Inna, ki ƙara hutawa. Daga nan sai dai a ji labarinsu a waya.

Jiya da yamma Juman ya dawo daga kasuwa da wata 'yar leda, ya zazzage ta a tabarma. Jatan lande ne na roba, goma sha biyu, da ƙafafunsu da gemunsu, kowane da ƙugiya a ciki. Wasu ja, wasu kore mai walƙiya, biyu kuma babu wani launin kirki, kamar ruwan wankin shinkafa.

"Ga mai riƙe miki aiki, Inna. Ba ya mutuwa a bokiti, ba ya ciwon gwiwa."

Ta ɗauki ɗaya ta shinshina, ta ajiye. "Warin takalmi yake yi."

"Kifi na sa takalmi ne, Yaya, da zai san warinsa?" in ji ƙanenta Sumar, wanda ke riƙe inji a jirgin tun zamanin mijinta.

Magana ta yi tsawo. Daga ƙarshe Jannat ta ce, "Gobe zan bi ku. In takalmin nan ya kama kifi ko ɗaya da za a iya kai wa kasuwa kafin la'asar, ranar Alhamis in hau mota. In bai kama ba, kada in sake jin sunan Karachi a gidan nan. Sumar, kai ne shaida."

Shi ya sa yau aka ɗaga ta aka sa a jirgi, ta zauna a gaba, ta miƙe ƙafar a kan tulin igiya.

Sumar ya kashe inji a wata kwana inda saiwoyin timar suka sauko cikin ruwa. Ruwan ya yi jawur da laka, in ka sa hannu ba ka ganin yatsunka. Jannat ta lasa, ta yi murmushi. A irin wannan ruwa kifi da hanci yake neman abinci, ba da ido ba.

Ta ɗauki jatan lande ɗaya, ta soka ƙugiya ƙarƙashin ɗan ƙahon da ke kansa, ta kauce wa baƙin ɗigon nan, don in ka taɓa shi nan take zai mutu. Ta miƙa wa Sumar. Bai gama furta bisimilla ba zare ya motsa. Kafin hantsi ya fito da kifi bakwai.

Juman kuwa ya ɗaura jan jatan landen roba. Ya jefa, ya jawo. Ya jefa, ya jawo. Sau ɗaya zaren ya yi nauyi, ya miƙe tsaye da murna, sai ga reshen itace.

"Riƙe shi da kyau, ɗana, kada ya kuɓuce," in ji Sumar. "Za a sami na hura wuta."

"Kawu, rana ba ta yi ba tukuna."

"A'a, ni ban ce komai ba. Yaya, miƙo wani mai ran."

Jannat ta yi dariya har ta share hawaye da bakin mayafinta. Daɗi take ji, ba ta ɓoye ba.

Da azahar suka yi salla a cikin jirgi, ita a zaune. Suka ci gurasar shinkafa da albasa, suka sha shayin da matar Juman ta zuba musu. Teku ya fara dawowa. Ruwa mai tsabta ya turo jan ruwan baya a hankali, har aka fara ganin saiwoyi a ƙasa. Jannat ta leƙa bokitinta. Rana ta dafa ruwan, jatan landen sun kwanta a gefe, jikinsu ya yi laushi. A da, in haka ta faru, sai a sauke ta a wani tudun laka ta kamo sababbi. Ta dubi ƙafarta, wadda ta kumbura har wandon ya matse ta, ta mayar da murfin bokitin.

Sumar ya naɗe zarensa, ya kishingiɗa. Saura kaɗan la'asar. Abin da ya rage wa Jannat kawai ta naɗe hannu ta jira.

Ita ce ta fara ganin inuwar. Wani abu dogo ya fito daga ƙarƙashin saiwoyi, ya bi jar robar Juman kamar taku uku, ya tsaya, ya juya ya koma. Giwan ruwa ne, wanda muke ce wa dangri, kuma babba. Juman bai ma gan shi ba. Ya sake jefawa, ya jawo da sauri. Kifin ya sake fitowa, ya duba, ya koma.

Jannat ta juya fuska wani gefen. Ta ƙirga tsuntsayen da ke kan laka. Ta gyara mayafi. Amma kunnenta na jin faɗuwar robar a ruwa, da saurin jan zaren, kuma abin na sukar ta kamar a ce wata na tuƙa tuwo da ruwan sanyi a gabanta. Ta saci kallon ɗanta. Babu fushi a fuskarsa. Gumi ne kawai, da leɓe a cije, yana duban rana yana duban ƙafarta.

Karo na uku kifin ya zo dab da robar, ya juya.

"Kai! Me kake ja haka kamar mai ɗebo guga a rijiya?"

"Haka aka ce a yi, Inna."

"Wa ya ce? Kuma a wane ruwa ka taɓa ganin jan jatan lande? Ja ai sai wanda ya shiga kasko."

"Mai shagon ya ce shi ya fi kamawa."

"Ba laifinsa ba ne, Yaya," in ji Sumar daga inda yake kwance. "Mutumin da ya shekara goma yana suya, soyayye zai kai wa kifi. Saura ya sa masa barkono."

"Miƙo ledar nan."

Sumar ya tashi zaune. Dariyar ta bar fuskarsa. "Yaya, kin san abin da kike yi kuwa?"

"Nuna masa kawai zan yi. Abin kunya ne a ce ɗana ne wannan."

Ta tona ledar, ta ture ja da kore, ta zaro ɗaya daga cikin biyun nan marasa launi. Ta ɗaga shi a rana, haske ya ratsa shi. Ta ɗaure shi, ta cije ragowar zaren da haƙori.

"Buɗe idonka. Jatan lande ba ya gudu gaba kamar ɗan kasuwa. Tafiya yake a hankali a ƙasa. In ya tsorata sai ya yi tsalle sau ɗaya, sau biyu, sannan ya saki jiki ya sauko. Lokacin saukowar nan ake cin sa."

Ta jefa dab da saiwoyin, inda Juman ke tsoron jefawa don kada ƙugiya ta maƙale. Ta bari ya nutse. Ta fizga da wuyan hannu, ta sake fizga, ta saki. Su uku suna kallo ta cikin ruwan. Wallahi, in ji Sumar daga baya, shi kansa da ya sha ganin na gaske, sai da yawu ya taru masa. Robar ta sauko a hankali, ƙafafunta na rawa.

Inuwar ta fito da gudu. Ruwa ya yi tumbul, zare ya miƙe kamar waya, ya ƙona mata yatsu.

"Sumar! Juman! Riƙe ni!"

Ba ta da ƙafar da za ta dogara. Juman ya rungume ta ta baya, ya kama zaren bayan hannunta. Kifin ya yi sama, ya girgiza kai, azurfar jikinsa ta haska, ya koma yana neman saiwoyi.

"Kada ka ja! Sake masa! Yanzu ja! Ja mana, ɗan gidan abinci!"

Sun ɗauki lokaci. Da kifin ya gaji ya kwanta a gefen jirgi, Sumar ya sa hannu biyu a kunnuwan kifin ya jawo shi ciki. Tsawonsa ya kai daga kafaɗar Juman zuwa yatsu. Irin kifin da dillalai ke tasowa daga rumfa su tarbe shi a bakin ruwa. Farar robar na rataye a gefen bakinsa.

Sumar ya yi kabbara ɗaya, ya dubi yayarsa. Babu abin da ake ji sai bugun jelar kifin a katako. Rana ba ta kai la'asar ba, kowa ya ga haka.

"To, ni ne shaida," in ji Sumar a hankali. "A ganina hannunki ne ya kama, Yaya, ba roba ba. Da a hannunsa take, har gobe sai itace."

Juman yana naɗe mata yatsun da suka yanke da tsumma. Bai ɗago kai ba. "Ban ƙirga wannan ba, Inna. Ba haka na so in yi nasara a kanki ba."

Jannat ta daɗe tana kallon kifin. Ƙofa ce suka buɗe mata, su biyun, in ta so ta bi. Ta sa hannu ta zare robar daga bakinsa, ta juya ta. Babu abin da ya same ta. Ana iya sake jefa ta yanzu, da gobe, da jibi, ba tare da kowa ya shiga taɓo ba. Ta ɗago kai ta dube su.

"Cewa aka yi in roba ta kama. Ba a ce a hannun wa ba."

"Inna..."

"Yau Litinin. Kwana biyu gare ni in mayar da kai masunci. Ungo, jefa. Kusa da saiwar can, ba tsakiyar ruwa ba, ko tsoron itace kake?"

Ya jefa. Ya fizga da ƙarfi har robar ta yi tsalle sama da ruwa.

"Innalillahi. Wannan ai kwaɗo ne. Sake."

Ranar Alhamis ta hau mota. An yi aikin, gwiwar ta yi sauƙi, ko da yake har yau da sanda take tafiya. Zulekan ta so ta riƙe ta, ta yi ta cewa a ƙara hutawa. Jannat ta cika wata uku cif, ta ɗaure kayanta, ta zauna a bakin ƙofa har sai da aka kira mota. Juman ya iya sarrafa robar, ba kamar uwarsa ba, amma gidan bai kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Sumar na nan a kan injinsa, bakinsa bai mutu ba. Ita kuwa tana zaune a gaban gida da safe, masunta na tsayawa su tambaye ta ruwan yau, ta faɗa musu. Taɓo dai ba ta sake shiga ba.