Wayar Marigayiya a Shagon Dalma

Shagon yana ƙarƙashin matakalar wani bene, duk wanda ya miƙe tsaye a ciki sai kansa ya gaya masa. Tebur ɗaya ne da kujera, sai benci a bakin ƙofa. Sauran wurin kuwa matattun wayoyi ne cike da kwalaye da gwangwanaye. Mai shagon Dalma ake ce masa, don ƙaurin dalmar da yake liƙi da ita ya kama rigunansa har wanki ba ya fitar da shi. Aikinsa ya tara wayoyin da aka yar, ya ciri wannan a nan, wancan a can, ya tayar da guda mai rai. Sana'a ce ta kirki. Abin da za a watsar a bola shi yake mayar wa talaka a hannu.

Sai dai yana da wani hali na masu gyara wanda suke kira aro. In mai gaggawa ya zo babu kayan gyara, sai a zare daga wayar wanda bai matsa ba, da niyyar a mayar in an samu. Aro suke ce masa, amma mai kaya bai san an ara ba.

Wata safiya surukinsa, mahaifin matarsa, ya zo, tsoho mai sanda, ya zauna a benci ya kwance wani ƙyalle. Wayar marigayiya matar tsohon ce, tsohuwar yayi, an ɗaure bayanta da jan zare.

"Ta daina kamawa," in ji tsohon. "Akwai maganganunta a ciki, waɗanda take aika wa yara. Su nake saurare in gidan ya yi mini faɗi."

"Za a duba, Baba," in ji Dalma, kansa a ƙasa.

"Ba sauri, ɗana. Ka yi a tsanake."

Da tsohon ya san masu gyara, da bai faɗi haka ba. Wayar ta shiga aljihun tebur. Da wani ɗan acaɓa ya zo yana kumfar baki gilashin wayarsa ya fashe, aka ari gilashin marigayiya. Batirin ya bi wata mai sayar da atamfa. Lasifikar ma ta tafi. Dalma bai ji komai ba, don duk waɗannan ana samunsu. Fanel ne kawai abin tsoro, wato allon cikin waya inda komai yake ajiye, shi kuma yana nan. Ranar da ya share tebur sai ya jefa shi gwangwanin fanel tare da 'yan'uwansa, babu alama, babu suna.

Bango ɗaya ya raba shi da wani tela, mutum mai baki.

"Kai mahauci!" in ji telan wata rana, ya leƙo da awo a wuya. "Cikin gawarwakin nan naka babu wadda za ka hura wa rai ka ba ni? Tawa ta faɗa bokiti."

"Mai ɗinka wa mutane wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya, kai ma har waya kake so?"

"Ƙafafunsu ne ba daidai ba. Yi mini ta arha, wadda in ta faɗi ita za ta ji tsoron ƙasa."

Dalma ya zuba hannu a gwangwani ya ɗauko fanel, ya gano ɗan abin da ya ƙone a wajen caji, ya canja, ya kama. Sannan ya yi abin da yake alfahari da shi, ya goge komai tas ba tare da ya leƙa ba. Kullum yana cewa shi ba ya kallon sirrin mutane, ba ya kuma sayar da shi. Tela ya karɓi waya yana yi masa kirarin mai tayar da matattu.

Da aka kwana biyu matar Dalma ta tare shi yana sa takalmi.

"Baban yara, wai ina wayar Inna? Baba ba zai tambaye ka ba, kunyarka yake ji. Ni yake tambaya."

"Tana hanya."

"Hanyar ina? Shagon naka duka taku nawa ne?"

Ya je ya buɗe aljihun tebur, ya tarar da ƙwaryar wayar da jan zare, babu komai a ciki. Ya juye gwangwani a kan tebur yana tonawa, gumi na ɗiga a kan ƙusoshi. Irin wannan fanel ɗaya ne tak ya taɓa shiga gwangwanin, kuma shi ya sa wa tela. Yana cikin haka waya ta yi ƙara ta bayan bango, ya ji tela ya ɗauka yana rantse wa wani cewa ɗinkinsa ya kusa. Dalma ya zauna. Ya fi kowa sanin cewa abin da aka goge irin wannan gogewar ba ya dawowa.

Ya zaga wajen abokan sana'a ya samo wani fanel, ya sa gilashi da batir, ya mayar da jan zaren yadda yake. Wayar ta kama, fes, kamar ba a taɓa magana a cikinta ba.

Tsohon ya zo ya karɓa da hannu biyu. Ya danna inda ya saba dannawa, ya kara a kunne, ya jira. Ya sake dannawa.

Nan ne Dalma ya kamata ya buɗe baki. Magana ce gajeriya, kuma tsohon ba mai faɗa ba ne. Amma ya dubi tsohon, ya tuna matarsa, ya tuna a bakin wannan tsohon ake kiransa mutumin kirki.

"Wani lokaci sukan ɓuya, Baba," ya ce. "Akwai hanyar da ake bi a jawo su. Sai an yi ta gwadawa."

Fuskar tsohon ta washe. "To, alhamdu lillahi. Ai na san tana ciki. Ina za ta? Allah ya yi maka albarka."

Tun daga ranar tsohon bai bar wayar a shago ba, wai ba ya iya barci sai tana kusa. Kowane mako yakan zo da ita a ƙyalle, ya zauna a benci ya tokare ƙofa da sandarsa. Dalma ya kwance ƙusoshi, ya jona waya da kwamfuta, ya ƙura wa allo ido kamar mai neman wani abu. A gida matarsa ta daina tambaya, sai dai ta ƙara masa nama a miya, ta ce Baba yana ta sa masa albarka. Dalma ya daina aro, har abokan sana'a suna yi masa dariya, amma hakan bai dawo da ko kalma ɗaya ba.

Rannan tela ya leƙo gaishe da tsohon, waya a aljihun gaban riga.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Wannan mahaucin, ko me ya mutu sai ya tashe shi. Dubi tawa."

Tsohon ya karɓa ya jujjuya ta, ya yaba, ya miƙa masa abarsa. Sannan ya juyo wajen surukinsa, wanda sukudireba ke zamewa a hannunsa.

"Yau ma ba ta fito ba ko? Ba komai. Ba sauri, ɗana. Sai mako mai zuwa."