Atishawar Motar Baba

Wata uku na yi ina fama da motar surukina. Tsohuwar mota ce mai kabureta, ta girme ni da shekara takwas, kuma Baba yana ji da ita fiye da yadda yake ji da mu. Kukansa ɗaya ne: ba ta hawan tudu sai da nishi. Ni kuwa bakanike ne, kuma mai son a yaba masa a gidan surukai, sai na buɗe baki na ce ya bar min ita.

Na ɗora mata bulowa, wato injin da bel ke juyawa yana cusa wa mota iska da ƙarfi. Iskar da aka matse zafi take yi, don haka a gaban lagireto na kafa intakula, wani akwatin alminiyam mai ƙananan bututu da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji. Kabureta, mai gauraya fetur da iska, ita ce ta so ta ba ni ciwon kai. In na mayar da ita bayan akwatin, sai na toshe duk wata kafa a jikinta, na kuma canja famfon mai. Na duba na ga aikin sati biyu ne, sai na bar ta a bakin bulowa, ta zuƙi mai da iska tare. Da na gwada a titi, motar ta zabura kamar an tsikare ta. Na kai wa Baba ita da yamma da zafinta, ya zagaya ta sau biyu yana sa min albarka.

Washegari da hantsi maigidana da ya koya min aiki ya leƙo gareji. Sanƙo muke ce masa, amma a bayan idonsa. Ko zama bai yi ba na tura masa waya a hanci ina nuna hotuna. Ya sa tabarau, ya daɗe a kan hoto ɗaya.

"Kai, ina kaburetar?"

"Ga ta nan a gaba, Oga. Ka ga aiki ko?"

"To man da ta zuba, ta ina yake bi?"

"Ta bulowa mana, ya shiga intakula, ya..."

Ban ƙarasa ba.

"Ka cika akwati da fetur da iska, ka matse, ka ɗaura a hancin mota," in ji shi, a hankali. "Ran da ta yi atishawa fa?"

Atishawa muke cewa in wuta ta dawo baya ta hanyar iska maimakon ta fita ta salansa. Duk tsohuwar mota tana yi, musamman in ta kwana ta huce kuma mai ya yi mata yawa. A da ƙara ce kawai da ɗan hayaƙi. Yanzu wutar za ta tarar da akwati cike, kuma ni ko sau ɗaya ban tayar da motar da sanyinta ba tun da na gama haɗa ta.

"Motar wa?" ya tambaya.

"Ta surukina."

"Yaya yake tayar da ita da safe?"

Na san amsar. Shekara arba'in Baba bai taɓa yarda da totur na ƙafa ba. Bonet yake buɗewa, ya sunkuya a kan gaban motar, ya riƙa danna totur da yatsa har sai ya ji warin mai, Mama kuma tana ciki tana murɗa makulli in ya ce ta murɗa. Mun sha yi musu dariya. Inda yake jingina cikinsa, nan na kafa akwatin.

Na kira Baba, wayar ta yi ta ringi har ta tsinke. Na kira Mama, haka. Na kira matata a wurin aiki.

"Lafiya? Muryarka rawa take yi."

"Baba zai fita yau?"

"Zai kai Mama gidan ƙanwarta. Ya ce sai kowa ya ga aikin surukinsa. Me ya faru ne?"

"Ki yi ta kiran su. Ki ce kar su taɓa motar."

Ban san yadda na hau babur ba. Na dai tuna na ratsa danja, wani direba yana zagin iyayena, ni kuwa ina ba shi gaskiya a raina. Duk hanya addu'a ɗaya nake yi, Allah Ya sa batir ya mutu, Allah Ya sa taya ta sace, Allah Ya sa baƙi sun tsare shi. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Tun daga kwanar layinsu na ji ƙarar sitatar motar tana juyi, ana son tayar da ita, injin bai kama ba. Ta tsaya. Ƙofar gida a buɗe, motar a tsakar gida, bonet a sama. Baba ya sunkuya da farar rigarsa ta fita, hannunsa a cikin inji, warin fetur har bakin titi.

"Sake murɗawa!" ya ce wa Mama.

Tun da na auri 'yarsa ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Na yar da babur yana kunne, na kwarma ihu.

"Baba! Matsa! Mama, kar ki murɗa!"

Baba ya ɗago, ya juyo da fuskarsa wajena, yana mamakin wane mara kunya ne. Mama kuwa tana cikin mota, gilas a rufe, ba ta ji ni ba. Na ga kafaɗarta ta motsa.

Ƙarar ta doke ni a ƙirji. Bonet ya banƙare ya fasa gilashin gaba, wani guntun alminiyam ya kafe a ƙyauren gida. Da hayaƙin ya lafa, na hango Baba zaune a ƙasa, ƙafafu a miƙe, rigar ta yage a gefe. Na rarrafa wurinsa ina laluba shi. Idanunsa biyu suna nan. Hannun dama ya tsage, jini kuma yana sauka daga kunnensa zuwa wuya.

Ya dube ni, ya dubi motar. Sai ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya, ya yi magana da ƙarfi kamar ina nesa.

"Yi haƙuri, ɗana. Na ɓata maka aiki. Ni na cika mata mai."

"Ba kai ba ne, Baba. Ni ne. Ni na haɗa ta ba daidai ba."

Ya zuba wa bakina ido.

"Ni ne, Baba! Na ga aikin zai daɗe, sai na bi gajeriyar hanya!"

"Kar ka damu," ya ce, yana bubbuga hannuna. "Za ka gyara ta. Na san hannunka."

Na matsa dab da ɗaya kunnen na sake faɗa, ina kuka. Ya gyaɗa kai yana murmushi, na gane ko kalma ɗaya ba ta shiga ba. Da na ɗaga kai, Mama tana tsaye a bayansa, tarkacen gilas a kan mayafinta. Ita ta ji duka.