Kiran da Malam Lurwanu Ya Yi a Apapa

Duk Kutama an san Malam Lurwanu da shanu da taurin kai. Abin da sai na gida suka sani shi ne, shekara ashirin da takwas da haihuwar ɗansa na fari, bai taɓa kama sunansa ba. Haka ya gada tun iyayensa suna ruga: sunan ɗan fari ba ya fita daga bakin uba, kunya ce. In zai aike shi sai ya ce "Kai." In zancensa ya taso sai ya ce "yayan su Zinnira."

To, yayan su Zinnira ɗin nan damina biyu ke nan ba ya gida. Laifinsa ɗaya, ya ce a sayar da jan bijimi a sayi injin ban-ruwa a yi noman albasa da rani. Malam ya hau shi da faɗa a gaban mutane, ya ce in shanun sun tsone masa ido ga hanya nan. Shi kuwa ya ɗauki hanyar. Aka ce yana dako a tashar jiragen ruwa ta Legas, daga baya lambarsa ta daina shiga. Uwarsa Asiya kuwa kullum sai ta zuba tuwo a kwanonsa ta rufe. Kwanon nan shi ya karya Malam, ya ƙudura zai bi sawunsa Legas.

Kuɗin mota kuwa babu, ana tsakiyar sayen taki. Sai Zayyad, direban tirelar da ke lodin shanu daga Gwarzo, ya ce ya hau baya ya kula da dabbobin, kyauta. Amma fa kwana ɗaya za su yi a Legas. Washegari da la'asar zai yi lodi a Apapa ya juyo, ko da Malam ko ba Malam. Zinnira 'yar Malam ta rubuta sunan yayanta a takarda don ya riƙa nuna wa mutane, aka ɗaure masa ƙuli-ƙuli da garin rogo a leda.

Kwana biyu yana tsakiyar ƙahoni, yana tayar da duk wadda ta kwanta kada a tattake ta. Wajen Ilori ya sunkuya zai ɗaga wata, sai wata farar karsana ta zare takardar daga aljihunsa ta tauna a gaban idonsa. "Allah ya shirye ki," shi ne kawai abin da ya iya faɗa.

Aka sauke shanu a Agege, ya kwana a masallacin kasuwa, da safe ya hau bas zuwa Apapa. Mutumin da bai san ruwan da ya wuce madatsar Guzuguzu ba, yau ga shi gaban ruwan da jirgi ɗaya a kansa ya fi layin shagunan Gwarzo tsawo. Warin kifi da man gas ya cika masa hanci. Ya ce a ransa, kai, ruwa har haka, ba ko fegin albasa ɗaya a gefensa! Nan take ya tuna wanda ya fara yi masa zancen ruwa da albasa, kunya ta kama shi.

A ƙarƙashin gada ya ji ana Hausa. Wata mai abinci ce, Bilki, tana zuba wa 'yan dako shinkafa da wake. Suka gaisa, ta tambayi hanya da mutan gida, ta zuba masa ba ta karɓi ko sisi ba.

"Baba, wa kake nema?"

"Wani yaro. Yayan su Zinnira ne."

"Haba Baba! Nan fa Legas ce, wa ya san Zinnira? Yaya sunansa?"

Malam ya duƙar da kai. "Dogo ne, fari, ɗan wajen Gwarzo."

"Dogaye farare 'yan Gwarzo, bakwai ke cin abinci a wurina." Ta fara jero masa: Nasir? Sagiru? Haladu? Yana girgiza kai har sunayen suka ƙare mata, don rabinsu ma da laƙabi ta san su. Sai ta ajiye ludayi ta dube shi. "Au! Ɗan fari ne ko?"

Malam ya gyaɗa kai.

"Ni 'yar Masanawa ce, ni ma ta fari ce. Babana har ya koma ga Allah bai taɓa cewa Bilki ba. Na san kunya ce, ba ƙi ba. Amma wallahi har yau ina son in ji yadda sunan zai fito a bakinsa." Ta goge ido da gefen mayafi, ta nuna masa wani matsayin kwale-kwale a bakin ruwa. Ta ce bayan azahar 'yan dako kan hau kwale-kwale mai inji su tsallaka, ba sa dawowa sai magariba.

Magariba kuwa Zayyad ya yi nisa.

Malam ya yi sallah ya je ya tsaya. Kwale-kwale na farko ya tashi, na biyu ya tashi, duk baƙin fuska. Na uku ya riga ya rabu da gaɓa lokacin da ya hango ƙeyar. Ko cikin mutum dubu ya san ƙeyar nan, ya san yadda kafaɗar hagu ke ɗan karkacewa.

"Kai!" ya ce. "Kai!"

Kawuna wajen goma suka juyo, ban da wanda yake so. Inji na ruri, ruwa na ƙara faɗi tsakaninsu. Ya tuna kwanon Asiya a rufe. Sai ya cika ƙirji, ya saki muryar da yake kiran garke da ita daga bayan tudu.

"Badaruddeen!"

Dogon ya miƙe tsaye har kwale-kwalen ya yi tangal-tangal. Mai tuƙi ya yi ta masifa da Yarbanci, amma dai ya juyo. Badaru ya diro tun ba a gama tsayawa ba, ya jiƙe har gwiwa, ya zo ya durƙusa yana kuka.

Malam ya kau da kai, ya zuba wa wani jirgi ido kamar shi ya zo gani. "Motar na tashi da la'asar. Uwarka na ta ɓarnar tuwo." Ya yi gyaran murya. "Jan bijimin nan kuma ya isa sayarwa."

Badaru ya share fuska da bayan hannu. Ya ɗago, dariya da hawaye sun haɗe masa.

"Baba, injin nan yana da ƙara. Ban ji sosai ba ɗazu."

"Ka ji min ɗan banza," in ji Malam.

Ya duba dama, ya duba hagu, ba ɗan Kutama ko ɗaya. Ya dafa kan ɗansa, ya sake faɗa masa sunan a hankali.