Mu Ɗauka Ba Wanda Ya Tafi

...sai na ce, mu ɗauka ƙasashe biyu ne kacal a duniya. Suna rubutawa. Kaya iri biyu. Suna rubutawa. Ko cewa na yi mu ɗauka jaki na tashi sama, wallahi ɗaliban nan rubutawa za su yi.

Mu ɗauka ma'aikaci ba ya ƙetare iyaka.

Hannuna ne ke rubuta wannan a allo, Bukar. Shekara tara ina rubuta shi.

Kaya ke tafiya, mutum ya zauna gida — haka littafi ya ce. In ciniki ya daɗe, ladan mai aiki a nan da na can sai su daidaita. Yaushe? Oho. Littafin bai sa rana ba.

Rumfarka a Ƙofar Wambai... warin gam, zare a bakinka. Ni uwar iyayi, na dawo da sabon digiri, na ɗaga takalmin da ka ɗinka: ka san baduku irinka a Italiya, abin da yake samu a yini, kai sai ka yi wata? Da fatar Kanon nan fa! Burge ka kawai nake son yi, ƙanena. Ka cire zaren. Ka ce, "To Yaya, zaman me nake?"

Na yi dariya... dariya fa na yi.

Ka kira daga Agadas. Ka kira daga Libiya. Daga nan shiru — wata goma sha ɗaya.

Inna na can Sheshe, kullum sai ta zuba tuwonka ta rufe. Na ce mata sabis ne babu a can. Ba ta san wanda ya sa maka abin a rai ba. Tana yi wa mugayen abokai Allah ya isa, ni kuma in sunkuyar da kai. Yau zan gaya mata ni ce. Jiya ma haka na ce.

Ba na jin komai. Ko tsoro. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Hannu a sama, can layin baya. Wata ɗaliba mai farin hijabi.

"Malama, idan ma'aikacin ya ƙi zama, ya tafi fa?"

Idan ya tafi... ina zan sa ka a zanen nan, Bukar? Layi biyu ne, ɗaya na kaya, ɗaya na farashi...

"Ba zai fito a jarrabawa ba."

Ta sauke hannu. Wannan ma suna rubutawa.